Murhuna mai bututu ya koma maido hayaƙi: in rushe shi ne?

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce bara, da gas ya yi tsada, suka sa magini ya gina musu murhun itace na jan bulo da laka a kicin, mai bakin tukunya biyu, da bututun ƙarfe da ya fita ta rufi. Duk rani lafiya lau, ko hayaƙi ba a gani. Tun da damina ta sauka sai ya sauya hali: hayaƙi ta baki yake dawowa, wani baƙin ruwa mai wari yana ɗiga daga mahaɗar bututun, itacen da ke yi musu mako guda yanzu kwana huɗu ya ƙare. Maigida ya ce a rushe a koma duwatsu uku. Tana son ta san abin da ya lalace, da yadda ake kula da irin wannan murhu.

Hajiya, ki ba maigida haƙuri, a ajiye diga tukuna. Murhun da ya yi rani guda yana ja lafiya ba gininsa ne ya ɓaci ba. Da magini ya kuskure awo, tun ranar farko za ki sha hayaƙi. Abubuwa ukun da kika lissafa ciwo ɗaya ne, kuma kin riga kin kama bakin zaren da kika ce tun da damina ta sauka. Itacenki jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya toshe bututu, bututun da ya toshe kuma shi ke maido miki hayaƙi a fuska. Na daɗe ina gina irin waɗannan murahu ina kuma gyara na wasu, yawancin wanda aka kira ni a kansa da wannan kuka, tsintsiya da busasshen itace ne maganinsa.

Ki fara sanin abin da ke faruwa cikin wutar, don sauran ke ma za ki iya warwarewa da kanki. Idan kika cusa faskare a murhu, aikin farko da zafi ke yi shi ne korar ruwan da ke cikinsa. Shi ne kumfar nan da kike gani tana tsattsafowa a gindin ɗanyen itace tana tsuwa. Sai ruwan ya fita sannan itacen zai yi zafi sosai ya fara sakin wani tururi mai maiƙo. Harshen wutar da kike gani, wannan tururin ne yake ci, ba jikin itacen ba, kuma fiye da rabin zafin da ke cikin itace a nan yake. In tururin ya samu zafi kamar digiri 600 a ma'aunin Celsius da isasshiyar iska, sai ya kama da wuta. In bai samu ba, sai ya fice a haka, mu kuma mu kira shi hayaƙi. Abin da ya rage a ƙasa shi ne garwashi. To kin ga hayaƙin da ke sa ki hawaye itace ne da kika saya da kuɗinki ya tafi bai ƙone ba. Shi ya sa hayaƙi da cin itace kullum tare suke zuwa.

Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya dace da murhu, ruwan cikinsa bai kamata ya wuce kashi 20 cikin ɗari ba. A Ingila har doka suka yi a kai: tun watan Mayun 2021 an hana sayar wa magidanta itace a ƙananan ɗauri sai ya bushe ya kai wannan ma'auni. Mu a nan rantsuwar mai itace ce ma'auninmu, ita kuwa ba ta tafasa ruwa. Kilo ɗaya na ɗanye, zafin da zai ba ki kusan rabin na busasshe ne, don haka lissafinki na mako da ya koma kwana huɗu bai ba ni mamaki ba.

Gane busasshe ba wuya. Ki ɗauki faskare biyu ki gwara su. Busasshe ƙara yake yi ƙwal, kamar an buga taɓarya a turmi babu komai; jiƙaƙƙe kuwa dum za ki ji. Ki duba gindinsa, busasshe yana da tsage-tsage, ɓawonsa yana saɓulewa da kansa. In kina shakka, a faskara ɗaya gida biyu, ki ɗora tsakiyar a bayan hannunki. In kin ji sanyi-sanyi, da saura. Akwai kuma bambanci tsakanin busasshen itacen da ruwan sama ya daka da wanda ɗanye ne tun asali. Na farko bayansa kawai ya jiƙe, kwana biyu ko uku a rumfa mai iska ya dawo daidai. Na biyu sai ya yi watanni. Mu Allah ya hutar da mu, iskar hunturu da ranar bazara suna busar da faskare cikin wata biyu zuwa uku, abin da a ƙasashen sanyi sai ya shekara ɗaya ko biyu a jibge. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: itacen damina tun Maris ko Afrilu ake sayensa, a faskara shi, don kututture da ɓawonsa ba ya bushewa da wuri. A ɗora shi kan duwatsu ko bulo ya rabu da ƙasa saboda danshi da gara, a rufe samansa da kwano, a bar gefe a buɗe iska tana ratsawa. Masu nannaɗe itace da leda ruf sun yi masa turaren danshi ne kawai. Na bana kuwa, tunda an riga an makara, kowane dare bayan an sauke tukunya ki jingina itacen gobe a jikin bangon kicin, taku biyu daga murhu, ɗumin ɗakin ya yi masa aiki. Kada a ɗora shi a kan murhun ko a jingina shi da bututu.

Game da irin itace, akwai abin da mutane ba su cika sani ba: in dai ya bushe, kilo na wannan da kilo na wancan zafinsu kusan ɗaya ne. Bambancin a nauyi yake. Marke, ƙirya, bagaruwa, kanya da aduwa suna da nauyi, ɗauri ɗaya nasu ya fi na wani yawan itace na gaske, ga garwashi mai daɗewa, su ne na tuwo da wake da ganda. Sabara, geza da kalgo sirara ne, suna kamawa da wuri, sun dace da tayar da wuta da girkin sauri. Rassan darbejiya, mangwaro da turare da aka sassabe suna yi sosai idan sun bushe, amma ɗanyen turare yana cikin masu saurin ɓata bututu. Kuka, rimi da zogale fanko ne, sai toka. Tumfafiya, aguwa da tinya kuwa ki bar su, hayaƙinsu yaji gare shi a ido da maƙogwaro. Ni dai ina jin ciwo in na ga ɗanyar kaɗanya ko ɗorawa a motar itace, bishiyar da za ta ciyar da gida shekara da shekaru an mai da ita wutar mako biyu, amma wannan zance ne na wata rana.

Abin da ba zan ɗaga ƙafa a kai ba shi ne tayar da wuta da leda. Na san sauƙinta, musamman da damina. Sai dai leda, roba, tsohon silifas da guntun taya hayaƙinsu guba ne, kuma yana barin wani danƙo a bututu wanda ke kama toka. Haka katako mai fenti, da katakon da aka manne da gam, da guntayen turakun lantarki da katakon layin dogo, waɗanda aka jiƙa da maganin gara. Kananzir in za a sa, a ɗiga a kan itace kafin a kyasta ashana, ba a kan wutar da ta riga ta kama ba. Fetur ko kusa.

Yanzu bututu, inda ciwon naki ya taru. Bututu ba shi da inji. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta hau sama, hawan da take yi kuma shi ke janyo sabuwar iska ta bakin murhu. Wato murhu numfashi yake yi, ya shaƙa ta baki ya fitar ta bututu, kuma zafin bututun ne ƙarfin numfashin. Da damina abu biyu suka haɗu miki. Ruwan sama yana sanyaya ƙarfen daga waje, jiƙaƙƙen itace kuma yana aika masa hayaƙi mara zafi cike da tururin ruwa. Kin san yadda murfin tukunya ke gumi. Haka hayaƙi ke yi idan ya taɓa ƙarfe mai sanyi, da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da kamar digiri 120. Gumin nan shi ne baƙin ruwan da kike gani, dangin kwalta ne. Yana bushewa ya zama ɓawo, gobe wani ya hau kansa. Bututu mai faɗin inci 4, idan ɓawo mai kaurin rabin inci ya zagaye cikinsa, ya koma inci 3. A ido ragin bai da yawa, amma a lissafin fili, hanyar hayaƙi ta ragu da kusan rabi. Daga nan abin sai ya riƙa ciyar da kansa: bututu ya ƙuntata, iska ta ragu, wuta ta yi sanyi, hayaƙi ya ƙaru, ɓawo ya ƙara kauri.

Ɗigar da yake yi ta mahaɗa ta nuna mini wani abu kuma, a nan kam laifin mai haɗawa ne. An juya bututun. Ka'ida ita ce bakin na sama ya shiga cikin na ƙasa, don duk abin da ya gangaro ya bi ciki ya koma murhu ya ƙone. Magina da yawa suna yin akasin haka, suna kifa na sama a kan na ƙasa, wai don kada hayaƙi ya tsere ta mahaɗa. Bututun da ke ja ba ya fitar da hayaƙi ta mahaɗa, iska ma yake zuƙa ta wurin. Tunda za a sauke shi don wanki, sai a mayar da shi daidai.

Ɓawon nan ba toshewa kaɗai ce illarsa ba, makamashi ne. Ranar da aka hura babbar wuta, a ce ranar suna ko girkin sallah, yana iya kamawa a cikin bututun. Za ki ji guguwa kamar jirgi zai tashi, ƙarfe ya yi jajir, tartsatsi na fita ta sama, zafinsa kan haura digiri 1000. In Allah ya kawo wannan, a fitar da yara, a zuba yashi kan wutar murhun, a toshe bakinsa da bulo ko faranti don a yanke masa iska, a kira 'yan kwana-kwana, a sa ido kan azara da silin. Shi ya sa nake son bokitin yashi ya zauna a kowane kicin mai murhu.

Wankin bututu da safe ake yi, murhu ya kwana ya huce. Ki ƙwanƙwasa shi da cokali tukuna: mai tsabta ƙara yake yi rau, mai datti kuwa kamar an buga katako, wani lokaci har ki ji ɓawo yana zubowa. In yana ciruwa, a sauke shi gaɓa-gaɓa a fitar tsakar gida, a ɗaura burushin waya ko dunƙulen tsohon buhu a kan gora a yi ta zurawa. In ba ya ciruwa, a toshe bakin murhu da bakunan tukunya da jiƙaƙƙen buhu, yaro mai hankali ya hau rufi da igiya, a ɗaura mata ƙullin tsumma da dutse a ciki, a saki a ja, a saki a ja. Mai yi ya rufe hanci. A ƙasashen sanyi masu murhun ɗumama ɗaki akalla sau ɗaya a shekara ake share nasu, amma namu siriri ne kuma sau uku a rana ake hura shi, don haka ni duk wata nake cewa, da damina duk mako biyu.

Bayan bututu akwai wurare biyu da ake mantawa. Ɗaya shi ne maƙogwaro, wato ramin da wuta da hayaƙi ke bi tsakanin tukunyar farko da ta biyu, ɗaya kuma gindin bututun, inda hayaƙi ke karya kwana ya hau sama. Nan toka mai tashi ke sauka ta taru. Ki cire tukwanen ki zura hannu da tsohon ludayi, za ki sha mamakin abin da zai fito. Wannan na kowane mako ne. An taɓa kirana wani gida da suka yi tafiyar mako uku suka dawo murhu ya ƙi ja sam, uwargida har ta fara zargin an yi mata asiri. Da muka sauke gaɓar sama, sai ga gidajen zanzaro jere a ciki, ƙasa ta bushe ƙam, ɗan ramin da ya rage ko babban yatsa ba zai shiga ba. Da tsinken ƙarfe muka karya asirin.

In an hau rufi, a duba hular bututun. In babu, ruwan sama kai tsaye yake shiga, a sa maƙeri ya yi mata. In akwai, a tabbata tazararta da bakin bututu ta kai faɗin bututun kansa, don hular da ta zauna ƙasa-ƙasa shaƙe shi take yi. In an sa raga saboda tsuntsaye, ita ce ke fara toshewa. Tsayi ma a duba: ka'idar da ake bi a Amurka ita ce bututu ya haura inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk abin da ke kusa da shi cikin tazarar ƙafa 10 tsayi da ƙafa 2. Bishiyar da ke tsirara da rani ta yi ganye da damina, ko katangar da maƙwabci ya ɗaga, suna iya karkato iska ta danno hayaƙi ƙasa. Sai inda bututun ya ratsa rufi. Tsakaninsa da azara, katako ko silin a bar inci 18. Katakon da ke shan zafi kullum yana gasuwa a hankali, har ya kai ɗan zafi kaɗan ya ishe shi kamawa. Bayan an tuƙa tuwo ki sa a taɓa azarar da ta fi kusa. In hannu ba zai iya zama a kai ba, a gyara kafin a sake hura wuta. A kuma liƙe ramin da kyau, domin in ruwa yana bin jikin bututu yana sauka kan murhu, laka ta sha ruwa, to murhun kansa ya zama jiƙaƙƙen itace, sai wuta ta gama busar da shi kafin ta waiwayi tukunya.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi. Lokacin da hayaƙi ke dawowa, ki buɗe ƙofar kicin da taga. In ya daina, ɗakin ne ba shi da iska. Da ruwa ya sauko mukan rufe ko'ina, murhu kuwa ba zai fitar da abin da bai shaƙa ba.

Hura wutar ma da yadda ake yi. Bututu mai sanyi ba ya ja, saboda haka kafin komai ki cire tukunya ta biyu, ki kunna guntun takarda ko busasshen kara a gindin bututun. Cikin minti ɗaya za ki ga harshen ya karkata yana bin hanya. Ki mayar da tukunya, sannan ki tayar da wutar. Ki jera masu ɗan kauri a ƙasa, ƙirare a kansu, abin kunnawa a can sama. Na san ba haka iyayenmu suka koya mana ba, kuma ranar farko hannu zai ƙi. Hikimar ita ce tururin da na ƙasa ke saki dole ya ratsa ta cikin harshen da ke sama, sai ya ƙone maimakon ya zama hayaƙi. Da ta kama, itace uku ko huɗu sun isa, kowanne bai wuce kaurin tsintsiyar hannu ba, da tazarar yatsa a tsakaninsu. Kawunansu kawai za su riƙa ci, kina iza su kaɗan-kaɗan. Babban kuskuren da nake gani shi ne idan wuta ta yi sanyi sai a ƙara cusa itace har baki ya cika. Ta ina iska za ta shiga? Sulusin bakin murhu ko fiye ya zauna a buɗe, kuma a samu guntun bulo ko 'yan rodi a ɗora itacen a kai, iska ta bi ta ƙarƙashi ta ratsa garwashi. Toka a kwashe kowace safiya, a bar 'yar shimfiɗa kamar kaurin yatsa, tana riƙe zafi a ƙasa. Bayan minti goma da kunnawa ki leƙa waje ki dubi kan bututu. In iska kawai kika ga tana rawa, wutarki ta yi. In hayaƙi ne fari mai kauri, itace ya jiƙe. In baƙi ne, ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan.

Bakin tukunya na biyu kada ya zauna a buɗe ko da ba ki da abin ɗorawa. Ramin da ke buɗe yana zuƙo iska mai sanyi ya kashe jan bututu, ko ya zama shi ne bututun. Ki ɗora tukunyar ruwa, kin samu ruwan wanka a ɓagas. Kuma kowane rami da tukunyar da aka auna shi da ita. In kin sauya da ƙarama, hayaƙi zai bi ta gefe, sai a sa maƙeri ya yanko zoben ƙarfe ya cike. Idan abinci ya tafasa ki zare itace ki bar ɗaya ko biyu, ki rufe tukunya. Ruwan da ke tafasa ba ya wuce digiri 100 ko kin ƙone daji guda a ƙarƙashinsa, wake ba zai nuna da wuri don yana tsalle a tukunya ba.

Jikin murhun kuwa, laka da wuta dole a samu tsaga. Siririya kamar gashi ba komai. Wadda hayaƙi ke bi ko ta fara buɗe baki, a cike ta da wuri, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗan faɗaɗa ta da wuƙa, a yayyafa ruwa, a cusa kwaɓin yumɓu ko ƙasar suri da yashi da 'yar toka da ramno ko kashin jaki, a shafe. Yashi ya fi yumɓun yawa, in ba haka ba yana bushewa zai sake tsagewa. A bar shi kwana ɗaya ko biyu, wutar farko ta zama ƙarama. Kada a yarda wani ya ce zai shafe cikin da siminti don ya fi ƙarko. Siminti ba ya jure wuta, rugurgujewa yake yi. Kada a kashe wuta da ruwa a cikin murhu, wannan ne ke fasa bulo. A zaro guntayen a tusa kawunansu cikin yashi, garwashin a zuba a gwangwani mai murfi a rufe, gobe kin samu gawayi. Kuma a hana yara karya itace a bakin murhu.

Sai dai in ba maigida gaskiyarsa ta wani gefen. Murhun gini mai nauyi ba kullum yake rage cin itace ba. A ƙasar Gwatamala, cikin shekarun 1970, an yaɗa wani murhun laka da yashi mai suna Lorena da wannan alkawari, daga baya gwaji ya nuna yana iya cin itace daidai da duwatsu uku da aka kula da su, ko ma fiye, saboda tulin ƙasar yana shanye zafi kafin tukunya ta samu. Don haka in shayi ne ko ɗumame, hura babban murhu asara ce. A nan ƙaramin murhun ƙarfe ya fi, irin Mai Sauƙi da maƙeran Nijar ke yi tun shekarun 1980, wanda ke rungume tukunya ya bar tazarar yatsa kawai zafi yana lasar gefenta. Babban kuwa a bar shi ga girki mai daɗewa da tukunya biyu, nan yake biyan kuɗinsa. Amma ribar bututu ta gaske a ƙirji take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. A Gwatamalar dai, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya gano murhu mai bututu ya rage hayaƙin da ƙananan yara ke shaƙa da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kusan sulusi. Wanda zai ce a koma duwatsu uku a cikin ɗaki, ba shi ke tsugune gaban tukunya da goyo a baya ba.

Tunda hunturu na tafe, in ƙara da wannan. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da guba ba. Akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Ɗebo garwashi a kasko a kai ɗakin kwana a rufe ƙofa da taga, ko a ɗakin maijego da jariri, shi ne yadda ake wayar gari a tarar da mutane ba su tashi ba. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, musamman in mutum biyu ko uku suka ji lokaci guda. A fita waje nan take, a nufi asibiti. Tokar da kika kwashe ma ba a yarda da ita ba, rushi yana iya kwana biyu ko uku a cikinta da ransa. A bokitin ƙarfe ake zubawa, nesa da dangar kara, ba a kwali ba, ba kuma a inda yara ke gudu ba takalmi ba. In tsautsayi ya sa an ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

In an share bututu da maƙogwaro, an juya mahaɗa, an gyara hula, an gwada da itacen da kika tabbatar busasshe ne, amma har yanzu yana maidowa, to sannan a kira magini, ya zo da abin awo. Bakin da ake sa itace, maƙogwaron da ke tsakanin tukwane, da bututu, filinsu ya kamata ya zo kusan ɗaya. In ɗaya ya fi sauran ƙuntata sosai, nan hayaƙi ke cijewa. Ya duba ko wani bulo ya zame ya faɗa maƙogwaron, abin da kan faru idan laka ta sha ruwa. Ya duba ƙarƙashin tukunya ta biyu, tazarar da zafi ke bi ta zama kamar faɗin yatsu biyu. In bututun yana da gwiwa fiye da ɗaya, ko wani sashe nasa ya kwanta, a miƙe shi ko a ba shi hawa, in kuma gajere ne a ƙara masa gaɓa ɗaya a sama. Duk wannan aikin yini ɗaya ne.